Littafin Zdenka

Amya uku ta bari a bayan gida,
ƙarƙashin tuffa, bakinsu na kallon gabas,
da wani littafi mai baƙin bango
wanda kaki ya manne wa shafuka.
Ni kuwa shekara talatin da ɗaya ina jan jirgin ƙasa
tsakanin Jesenice da Ljubljana.
Abin da na sani game da ƙudan zuma bai wuce harbi ba.

Shafin farko ya kira sunana:
"Bogomir, kada ka tsaya a ƙofarsu,
ba a tare wa mai aiki hanya.
Zagayo ta baya. Wanke hannu, bar turare,
fushinka ma tuɓe shi a zaure tare da takalman gari.
Hayaƙi sallama ce, ba yaƙi ba:
busa biyu, ka jira."

Na busa goma.
Suka amsa mini a fatar ido.
Kwana uku ina kallon duwatsu da ido ɗaya,
maƙwabcina Jernej ya rataya haɓa a shinge
yana dariya har da tari.

"Kada ka sha wahalar neman sarauniya.
Ɗaga saƙa, ka ba rana baya, ka nemi ƙwai
tsaye a gindin rami kamar tsakin shinkafa.
In da ƙwai, uwa na nan.
Aje musu ruwa a faranti, ka zuba tsakuwa,
don mai ƙishi ba ta iya iyo ba."

Da itacen lipa ya yi fure, lambu ya ɗau guna,
amya ta yi nauyi har katako na kuka.
Na tace zuma a kicin da dare,
tana zuba a hankali, ba ta san agogon tasha ba.
Kakin na narkar a tsohuwar tukunyarta, na yi kyandir bakwai,
shida karkatattu.
Dankon da suke liƙe kafa da shi na kankare da wuƙa,
ya bar mini ƙamshin daji a ƙarƙashin farce.
Garin fure kuwa, da suke shigowa da shi a cinya,
ja da rawaya, na bar musu: abincin jarirai ne.

"Kada ka kwashe duka. Hunturu ma yana da rabo."
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.
Da ƙanƙara ta binne lambu,
na durƙusa, na kara kunne a jikin katako.
Can ciki ana gurnani ƙasa-ƙasa,
irin na injin da ke jiran a ba shi hanya.

Shafin ƙarshe ba na amya ba ne.
"Duba ƙarƙashin rufin rumbu, akwai damin kara.
Kada ka hura wuta da shi."

Bazara ta zo, na zauna gabansa da kofi.
Sai ga wata 'yar jaja, gashi buzu-buzu,
ba sarauniya, ba rundunar da ke bin ta,
ta shiga ramin kara da garin fure a ciki,
ta fito, ta sauka bakin kwata, ta ɗauko laka.
Ɗaki, ƙwai, guzuri, bango.
Ɗaki, ƙwai, guzuri, bango.
Ba ta yin zuma. Ba mai zuwa da kwalba ƙofarta.
Amma tuffar da za mu ci a kaka, da sawunta a kai.
Za ta toshe rami, ta tafi,
ba za ta ga fuskar waɗanda ta tanadar wa ba.

Na daɗe a wurin har kofi ya huce.
Jernej ya leƙo: "Yau kuma wa ya harbe ka?
Na ga idon ya yi ja."
Na ce hayaƙi ne.
Na tashi na nemo almakashi,
akwai sauran kara a bakin kogi.