Gwangwanin Sunaye

Ni ne na ƙarshen fita, ni ke kashe fitilu.
Shekara ashirin da shida makullan nan na kuka a ƙuguna
a makarantar Brennock, gaɓar tafkin Erie,
inda masana'antar ƙarfe ta daɗe da cikawa,
ta bar mana bututun hayaƙinta a tsaye
kamar yatsan mai zargi.

A ɗakin tsintsiya ina da gwangwanin kofi.
Babu kofi a ciki. Sunaye ne,
'yan allunan tagulla da nake kwancewa daga ƙofofin azuzuwa.
Bana kaɗai, goma sha tara.
In na girgiza shi, sai ka ce ana kiran rajista.

Malama Kowalczyk, wadda ta rataya duniyoyi takwas a silin da zare,
ta tafi wata Laraba ana zubar ƙanƙara,
ko tukunyar furenta ba ta waiwaya ba.
Ni ke ba shi ruwa.

Malam Tobias Renner kuwa, cewa aka yi
ya karanta wa yara littafin da bai dace ba.
Wanda ya fi kowa tada jijiyar wuya
ko launin bangon littafin bai sani ba.
Daren taron hukumar gunduma
kujera ɗari uku na jera a zauren ƙwallon kwando.
Wasu na ihun littafi,
wasu na ihun kuɗin gyaran rufi
da ya narke tun kafin bazara,
alhali bokiti bakwai nake tarawa a aji huɗu duk ranar ruwa.
Aka watse, kowa ya ce shi ya ci.
Na share kwalaye, na share tofin baki.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.
Su kwali suka nema,
suka zuba alli, da kofin shayi, da hoton iyali.

Jolene Vasko, 'yar shekara takwas,
malamai huɗu ta gani daga Satumba.
Ta daina wahalar riƙe suna.
Duk wanda ya shigo riƙon ƙwarya, sai ta ɗaga hannu:
"Za ka kai Kirsimeti?"
A kusurwar allonsu akwai wani lissafi,
ɗari huɗu da goma sha uku a raba gida bakwai.
Ta farko ta fara, na biyu ya ce a dawo baya,
na uku ya kunna musu majigi.
Ina goge allon kowane dare,
amma nan wurin hannuna ƙi yake.

Jiya Juma'a aka miƙo mini takarda: ɗaki na sha biyu.
Ban buƙaci karantawa ba.
A ɗakin nan ta koyi haɗa baƙi,
tana zaune a kan bokitina da na kife mata,
tana jiran in gama mu tafi gida.
"Baba," ta ce, "can ƙetaren gada
ba wanda zai fasa mini ƙwai a gilashin mota
don na ce wa ɗansa ya yi tambaya."
Me zan ce? Ni na koya mata
cewa mutum ba ya zama inda ake wulaƙanta guminsa.

M. Prewitt. Sunana ne a jikin tagullar.
Ba ta ma yi gardama ba, da kanta ta faɗo tafina,
don ramukan ƙofar sun yi faɗi da yawan sawa da cirewa,
da tsinken ashana nake cike su.
Ban jefa ta a gwangwani ba.
Tana aljihun ƙirjina, da sanyinta.

Litinin wani zai zo.
Gunduma ta daina sayen tagulla.
An ce in rubuta sunan a takarda,
in manna da salatif.