Talatin da Takwas

Shekararsa ashirin da biyu, ni arba'in ba ɗaya,
ranar da aka ce, Saje Ayalew, ga hafsanka.
Na dube shi: wuya kamar na zalɓe,
gemu bai tsiro ba, takalmi na kuka don sabunta.
Na ce a raina, sun ba mu jariri mu goya.

Laftanar Gizachew, ɗan malamin makaranta
daga Debre Markos, inda hazo ke kwana a kan tudu.
Uwarsa ta ƙulla masa tsabar tef a bakin gyale,
ta ce, in ƙasar mutane ta yi maka nisa, shinshina wannan.

Daga Jibuti jirgin ruwa ya kwashe mu.
Mako uku yana amai a bokiti,
amma kowane dare sai ya dafo bango,
ya zo ya ƙirga mu.
Talatin da takwas. Ya rubuta.
Ya koma wa bokitinsa.

Koriya. Duwatsun da ba mu san sunansu ba, sai lamba.
Ranar da ƙanƙara ta fara sauka
kamar an zazzage buhun auduga daga sama,
ya miƙa harshe ya ɗanɗana,
ya manta da aninin da ke kafaɗarsa.
Muka yi dariya. Bai hana mu ba.

Shi ke bin ramuka da fitila,
yana cire mana safa, yana matsa yatsun ƙafa,
wanda ya yi baƙi ya tura shi asibiti ko yana rantsuwa.
Shi ke rubuta wasiƙar waɗanda ba su iya ba,
yana ƙara gishiri kaɗan daga aljihunsa,
har matar Wolde ta aiko tana tambaya
yaushe mijinta ya koyi zaƙin baki.

Sai wani dare igwa ta ƙi yin shiru.
Ƙasa ta tashi, ta dawo, ta sake tashi.
Da asuba ya ƙirga: talatin da bakwai.
Ya sake daga wancan gefe.
Talatin da bakwai.
Wolde na can ƙasa, jikin waya, bai motsi.

Rediyo ta ce mu ja da baya.
Na riƙe hannunsa, na ce, ranka ya daɗe,
gawa ba ta jin sanyi.
Ya ce, Saje, da hannuna na rubuta mata cewa zai dawo.

Ban ga tafiyarsa ba, hayaƙi ya haɗiye shi.
Dawowarsa na gani:
jaririn da muka ce za mu goya,
ga shi da goyon ƙato, yana jan ƙafa,
ja yana bin sawunsa a kan fari.
Ya sauke shi a hankali, kamar mai barci.
Ya ce, yanzu ƙirga.
Na ce, talatin da takwas.
Ya ce, madalla. Ya zauna. Bai tashi ba.

Sai daga baya, da na buɗe littafin,
na ga bai taɓa sa kansa cikin lissafi ba.

Na kai wa uwar gyalenta.
Ta kwance ƙullin, ta shinshina,
ta ce yana warin albarushi.
Duk da haka ta shuka shi a bayan ɗaki,
kuma ya tsiro.

Yanzu haƙorana sun fi yatsuna kaɗan.
In barci ya ƙi zuwa nakan kira sunaye,
in kai talatin da takwas, in dakata,
in ƙara ɗaya.