Numfashi a Bayan Tarkwa

Shekara goma sha ɗaya ina Ikko,
ban san teku ba sai ta tagar danfo,
daga kan gada, ta tsakanin kafaɗun mutane.
Albasa nake sayarwa a Mil Sha Biyu.
Ruwan gishirin da na sani
shi ne wanda take fitarwa daga ido.

Zinatu ce ta matsa, 'yar autata.
Ta ci jarrabawa, ta ce tukwicinta ke nan:
tana son ganin kifin nan mai baƙi da fari
da ke shafi na arba'in a littafinta.
Ran Lahadi muka ɗaura rigunan ceto masu ƙarni,
Sewanu ya ja igiyar inji sau uku
kafin ya yi tari ya tashi.

Muka wuce Tarkwa, muka wuce duwatsun mashigi,
jiragen kaya sun yi layi
kamar tireloli a hanyar Apapa.
Ruwa ya bar kalar shayi ya koma shuni.
Raƙumin ruwa ya ɗaga mu ya ajiye,
hanjina ya biyo baya a makare.
Na karanto duk addu'ar da na haddace
har da ta shiga kasuwa.

Da fari babu komai.
Leda. Silifa ƙafa ɗaya.
Wata kififfiya ta ɗago kai ta dube mu
kamar mun zo bin bashi,
ta nutse.

Sai ga su, bakwai ko tara,
suna ɗinke ruwa a gefen jirgi, shiga, fita,
"Dolfin, Baba!"
Kakana a Yawuri ya sha ba mu labarin ayu,
bai taɓa cewa akwai masu dariya ba.

Mai baƙi da farin fa?
Sewanu ya ɗaga yatsa ɗaya:
sau ɗaya, yana yaro, a jirgin ubansa.
Zinatu ta tura baki.
Shi kuwa ya kashe inji,
ya sa hannu a leɓe.

Shiru.
Sannan numfashi.
Ban taɓa jin an sauke ajiyar zuciya irin wannan ba,
feshi ya tashi tsawon rumfa biyu,
iska ta kawo mana warinsa har fuska.
Baya ya fito, baƙi, ya yi ta fitowa,
ya ƙi ƙarewa,
ga ɗa a gefenta, maƙale
kamar yaro da zanen uwa a cunkoso.
Ta ɗaga jela, ruwa na zuba,
ta rufe teku a kanta ba ƙara.

Wayar Zinatu sama kawai ta ɗauka,
da gefen hulata,
da muryar wani tsoho yana salati.
Wai ni ne.

Litinin na ba Tanimu labari a kan buhu.
Ya ce, to, kwando nawa za ta yi?
Na buɗe baki, na rufe.
Hular na nan ban wanke ba,
gishiri ya zana mata fari a baki.