Ba Barci Na Yi Ba

Wata bakwai ban taɓa sitiyari ba.
Tun ranar da tirela ta kwanta da ni a hanyar Ɗan Isa,
albasa ta watse a kwalta kamar an fasa rumbu,
na tashi ko ƙwarzane babu,
sai dai hannuna bai tashi tare da ni ba.
Da na ji kukan birki sai ya hau rawa,
shayi ya ƙare a gaban rigata.

Baraka ce ta jiyo labarin a gidan suna:
akwai likita a unguwar Zariya,
ba allura, ba ƙwaya, magana ce kawai.

Da na faɗa a tasha, kowa ya zama malami.
Rabe mai faci ya ce bori ne ya sa farar riga.
Illiya ya ce agogo za ta kaɗa min a ido
in yi carar zakara, ya gani a talabijin.
Ɗan Lami ya matso kunnena:
"Wanda aka sumar ba shi da sakata a baki,
za ka tona jikka hamsin da ka ɓoye wa Baraka."
Wani tsoho ya ce an yi wa wani a Tibiri,
har yau bai farka ba.
Na ce wane ne? Ya ce shi ma ji ya yi.

Na tafi da addu'a cike da baki.

Ɗakin ba turare, ba garaya.
Kujera biyu, kalanda, fanka mai ciwon wuya.
Likita Tsahara ta ce, "Malam Lawali,
kai ne direba, ni yaron mota.
Zan ce dama, zan ce hagu,
in ka ga rami, ka ƙi."

Ta ce in zaɓi ƙusa ɗaya a bango in dube ta,
in ja numfashi, in sake shi a hankali
kamar tayar da ke sacewa.
Ta ƙirgo daga goma tana saukowa,
kafaɗuna suka aje lodin da ban san na ɗauka ba.

Ba barci na yi ba.
Ina jin mai ƙanƙara tana talla a waje,
ina jin fanka tana ƙorafi,
sai dai duk sun ja gefe,
yadda garuruwa ke ja gefe
in ka yi nisa a tuƙin dare.

Ta ce je inda ranka ke kwanciya.
Na je bakin Gulbi, gindin mangwaron kakana.
Ta ce ji sanyin ruwa a ƙafarka.
Na ce a'a, rani ne, yashi ne.
Ta yi dariya, ta ce to, yashi.

Daga can muka leƙa kwanar nan,
daga nesa, ƴar ƙarama.
Hannu ya motsa, muka koma yashi.
Muka sake leƙawa.

Ta ƙirga biyar, na buɗe ido.
Na tuna komai, har tarin da ta yi.
Jikka hamsin kuwa suna nan inda suke.

Ba zama ɗaya ba ne, shida muka yi,
da aikin gida bayan sallar isha'i.
Ta ce ba kowace ƙofa wannan mabuɗi ke buɗewa ba,
in ya ƙi, akwai wani.

Talatar da ta wuce na kai mota ba lodi Jiratawa.
Wani ɗan kabu-kabu ya taka birki gabana,
hannun ya fara.
Na sace tayar ƙirjina,
na ji yashi a tafin ƙafa,
na wuce.

A tasha Illiya ya ce, to, ka yi carar?
Na ce a zubo min shayi, a cika kofin.
Na ɗaga shi, suna kallo.
Ɗigo biyu ya zuba.
Rabe ya ce uku ne.