Kunnen Josenildo

A bayan kasuwar kifi ta Belém na haife shi,
kunnuwansa sirara kamar ganyen rogo.
Yau na hagun ya dunƙule, ya yi tauri,
kai ka ce citta aka tono.

Yana ɗan sha huɗu, yana ɗauko min ƙanƙara,
ya shiga rabon faɗan matuƙa kwalekwale.
Wani tsoho mai karyayyen hanci ya tsaya kallo,
ya ce, "Turo min shi gobe da asuba."

Daga nan sai keji.

Kafin kowace karawa sai ya busar da kansa,
kwana uku ba gishiri, ruwa sai na jiƙa leɓe,
yana tara yawu a kwalba
don sikeli ya yarda da shi.
Ni da nake awon kifi tun ina budurwa,
ban taɓa matse kifi haka ba.

Sha tara ya ci, bakwai aka ci shi.
Ko ɗaya ban kalla ba.
Ina wanke-wanke, maƙwabta na gaban talabijin,
daga ihunsu nake gane ko yana tsaye.

Ta ƙarshe a São Paulo, wani yaro ya shaƙe shi.
Ya bubbuga ƙasa sau uku,
ya tuɓe safar hannu, ya bar ta tsakiyar keji.

Rufin kwanon nan kuɗin gwiwarsa ne.
Yanzu yaran unguwa yake koya wa faɗuwa
tun kafin ya nuna musu naushi.
In zan kira shi cin abinci,
sai na zaga ta damansa.