Ɗigo Bakwai

A bayan kasuwar Zango, inda ƙamshin ƙuli ke tarbarka tun kafin ka yi sallama,
nan nake awon man gyaɗa.
Duk sa'a kwalba biyar nake ɗauka a bakin inji,
in ɗora a sikeli, in tara, in raba,
abin da ya fito in ɗiga shi a takardar bango.

Layi uku gare ta.
Na tsakiya halin inji ne in yana cikin hayyacinsa.
Na sama da na ƙasa jajaye,
shingen gona ke nan.

Ranar da na fara aiki, ɗigo ya ɗan ɗaga, na ruga na murɗa famfo.
Ya sauka, na sāke murɗawa.
Kafin la'asar takarda ta koma haƙoran zarto.
Tanimun mai inji ya kauda hannuna,
ya ce, "Harira, bar shi ya numfasa.
Ko raƙumi ba ya tafiya kan zare.
Mai tashi duk haushin kare,
ɓarawo a gajiye yake samunsa."

A hankali na gane abin da ake tashi dominsa.
Ɗigo ɗaya ya tsallake ja, wannan ko kurma ya ji,
a kashe inji.
Biyu cikin uku suna goga jiki da shinge
kamar akuya mai neman kafa, a je a leƙa.
Na taɓa ganin takardar dare ta yi kyau har ta ba ni kunya,
goma sha biyar kwance lumui a kan layin tsakiya.
Na duba sikeli, gizo ya yi saƙa a kai.
Barci ne ya yi awon.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai ba ya ihu.
Bakwai a jere, gefe guda,
duk a cikin gona, babu wanda ya taɓa ja.

Wata Talata na ƙirga su, duk ƙasa da tsakiya.
Alhaji Mutari ya sa gilashi ya duba,
ya ce, "Ina wanda ya ƙetare?
Motar Tanut na jira, ke kina ƙirgar kashin ƙuda."
Na ce, Alhaji, in tsabar sa'a ce da sun rabu,
wasu sama, wasu ƙasa.
Bakwai ba sa haɗa baki a banza.
Ya yi tsaki. Tanimun ya kwance famfo.
Wata roba ce, ba ta kai bakin kofi ba,
ta cinye ta gefe ɗaya, tana satar giram uku, giram huɗu,
daga tukunyar matan da ba su san mu ba.

Da dare, a gidanmu na Birni, ƙarƙashin manyan duwatsu,
na kai wa Baba tuwo.
Bai taɓa cewa ya ƙoshi tun kafin ya ci ba,
bai faɗi ba, bai yi nishi ba.
In ka tambaya, lafiya lau.
Sai dai kwanon na dawowa da saura,
jiya loma biyu, shekaranjiya uku.
Hannuna ya saba da nauyi, ba ya yi mini ƙarya.
Na ƙirga dararen a yatsa.
Na sāke ƙirgawa.

Da safe muna kan bencin gidan likita,
hularsa a gwiwa, yana harara ta.
"Wai me kika gani ne?"
Na ce, Baba, ban ga ja ba.
Bakwai ne kawai.

Aka kira sunansa.