Zaren Gilashi Kudu da Chaitén

Ƙarfe biyu saura na dare a Puerto Montt,
daga ni sai allo, sai kofin shayin da ya huce.
Rassa talatin da ɗaya gare mu a kamfanin nan,
kowanne ɗigo ne kore a taswirar da ke gabana,
tun daga rumbun kifi na bakin teku
har ofishin albashi can ƙasa a Coyhaique.
Aikina in zuba musu ido, su yi ta numfashi.

Sai tara suka koma ja a tare.

Ba ƙara, ba hayaƙi.
Layi in zai mutu, ko shurawa ba ya yi.

Dutse ne ya zabtaro kudu da Chaitén,
ya danne hanya, ya tsinke zaren gilashi
wanda kaurinsa da kaɗan ya fi gashin gira,
alhali a cikinsa haske ke goye da mu duka:
lissafin kifin jiya, muryar manaja,
odar ƙanƙara, odar gishiri,
da albashin mutum ɗari shida da ke jiran safiya.

Na karkata kaya zuwa hanyar ko-ta-kwana,
ta sama, ta tauraron ɗan'adam.
Ƙofar ƙarama ce, ga jama'a maƙil.
Dole in zaɓi mai fara wucewa.
Albashi a gaba, waya a bayansa,
hotunan taro su tsaya a waje su sha sanyi.
Ban taɓa son wannan rabon ba.

Na kira Ximena Huenchul, ta ɗauka a bugu na uku.
"Kilomita nawa?" Gaisuwar ke nan.
Na riga na harba haske cikin zaren,
ya je ya yi karo, ya dawo ya ba ni labari.
"Arba'in da ɗaya da 'yan kai, daga tasha."
"Wajen gadar ƙarfe. Ka tashi Baltasar, ya zo da tanti."

Can ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.
Ta durƙusa cikin taɓo, fitila a goshi,
ta feɗe rigar zare, ta goge, ta datse bakin daidai,
ta gwama baki da baki,
ɗan tartsatsi ya narkar da su suka zama ɗaya.
Ashirin da huɗu ne, kowa da ɗan'uwansa,
shuɗi ga shuɗi, ruwan toka ga ruwan toka.
Na sha bakwai ya ƙi.
Yatsunta sun sandare, ta cusa su a hammata,
ta zagi dutsen har uwarsa,
ta sake.

Ina jin hakinta ta rediyo.
Masu talla cewa suke saƙo a gajimare yake yawo.
Su zo su gani. A laka yake bi,
tsakanin yatsu biyu masu karkarwa,
Baltasar na riƙe da tanti kada iska ta yi gaba da shi.

Shida da kwata ɗigo na farko ya farfaɗo,
sai wani, sai wani,
Cochrane a ƙarshe, kamar kullum, da jan jiki.
"Ya yi?" in ji ta.
"Ya yi."
"To ka ajiye mini burodi, kar ka cinye."

Da takwas wata akawu a Coyhaique ta danna maɓalli,
kuɗi suka shiga aljihun mutum ɗari shida,
ta yi hamma, ta ɗora ruwan zafi.
Don Anselmo ya bugo yana ƙorafi
wai hotunansa sun yi nawa cikin dare.
Na ba shi haƙuri.

Na jawo fom ɗin rahoto.
Lokacin yankewa, na cike. Lokacin dawowa, na cike.
Dalili: dutse.
Na duba sama da ƙasa, babu gurbin suna.
Sai na sami wani ɗan fili a gefen takarda,
inda ba wanda ke karantawa,
na rubuta nata da manyan baƙaƙe,
na kashe fitila, na tafi neman burodi,
don wanda ta ce in ajiye na riga na cinye.